Mai mura ba ya hawa kwale-kwalena

Kakana daga Kano ya taso a ƙafa da niyyar aikin hajji, kamar yadda mutanen zamaninsa suke yi. Guzuri ya ƙare masa a bakin Bahar Maliya, ya tsaya neman na jirgi, ya yi aure, shi ke nan muka zama 'yan Bur Sudan. Ni kuma Allah ya ajiye abincina a ƙarƙashin ruwan da ya tsayar da shi. Na fara da kankare gindin jiragen ruwa da kwance igiyar da ta naɗe farfela a tashar jirage. Daga baya na sayi kwale-kwale mai inji, da tukwanen iskar shaƙa goma sha biyu, da injin cika su, don kai baƙi nutso. Mu huɗu ne: ni, da ɗan ƙanwata mai yi wa baƙi jagora a cikin ruwa, da matuƙi, da yaron inji.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, lokacin sanyi kasuwarmu take ci. Turawa, galibi 'yan Italiya, sukan gudo wa hunturunsu su zo ganin Umbria, jirgin ƙasarsu da matuƙansa suka nutsar da gangan a watan Yunin 1940 don kada Ingila ta ƙwace shi da lodin bama-bamansa. Har yau yana kwance a gefe ɗaya kusa da tasharmu. Wasu kuma murjanin Sanganeb ke kawo su, ko Sha'ab Rumi, inda Bafaranshen nan mai binciken teku, Kusto, ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Matsalar ita ce baƙon da ya fito daga ƙanƙara, ya kwana a sanyin jirgin sama, sau da yawa da mura yake sauka. Shi ya sa da safe, kafin in duba takardar shaidar nutso ta mutum, hancinsa nake kallo, ina kuma sauraron muryarsa.

Wanda bai taɓa nutso ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a mura? Ga yadda abin yake. Ruwa yana da nauyi. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jikinka ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, a mita 20 sau uku. Duk iskar da ke rufe a jikinka tana tsukewa: wadda ta cika kwalba a sama, rabin kwalba take komawa a mita 10. To, a bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, kuma ƙofarsa ɗaya ce tak, wata siririyar hanya da ta ɓulla can bayan hanci. Haka nan akwai kogunan iska a ƙashin goshi da na kumatu, su ma ta hanci suke shaƙa. Mai nutso yana sauka yana toshe hanci da yatsu ya hura a hankali, iska ta bi wannan hanya ta cika ɗakin, sai ya ji kunnen ya yi ɗan "ƙas", ya ci gaba. Mura kuwa kumbura waɗannan hanyoyi take yi, ta liƙe su da majina. Iska ba ta shiga, ruwa yana danna dodon kunne daga waje, kuma ba sai an yi nisa ba, 'yan mitoci kaɗan sun isa ya fashe.

Ni nawa na hagu ya fashe ina ɗan shekara ashirin da wani abu, a gindin wani jirgin dakon kaya, don na ƙi in ce ina mura kada a ba wani aikin. Na ji zafi kamar an soka mini tsinke, sai zafin ya ɗauke farat ɗaya, ruwa ya shiga, duniya ta fara juyawa, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Igiyar da ke ɗaure a ƙuguna ce ta fito da ni. Sai da na yi makonni ban taɓa ruwa ba.

Amma wannan hatsarin yana da sauƙi ta wani gefe, don kunne yana yi maka gargaɗi tun kana sauka, kana iya fasawa ka koma kwale-kwale. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin buɗe hanci, na feshi ko na haɗiya, wanda ke cike a kowane kantin magani. Yana aiki, ba na musu. Yana tsuke jijiyoyin jinin hanci, kumburi ya sauka, mutum ya shaƙi iska sakayau, ya sauka mita 25 lafiya lau. Sai dai ƙarfin ƙwayar da aka saba sha awa huɗu ne zuwa shida, mu kuwa tun da sassafe muke fita, a yi nutson farko, a huta, a ci abinci, a sake shiga. Idan maganin ya sake shi yana ƙasa, hanyar ta rufe da iska a ciki. Yana tasowa iskar tana kumbura, ba ta da mafita. Sauka dai kana iya fasa ta, amma tasowa dole ce, tunda iskar tukunya ƙarewa take yi.

Haka ta faru da wani baƙo a Umbria, wata shekara a watan Janairu. Dattijo ne, ya daɗe yana nutso, kuma da safe muryarsa garau. Ashe feshi ya yi a masauki. A nutso na biyu, suna tasowa, sun kai kamar mita 6, sai ya dafe goshi ya ƙi motsi. Ɗan ƙanwata ya riƙe shi, ya mayar da shi ƙasa kaɗan har zafin ya lafa, suka sake gwadawa taƙi-taƙi, yana nuna masa ya haɗiyi yawu, ya motsa muƙamuƙi. Sun fi minti goma sha biyar suna wannan hawa da sauka, har tukunyar baƙon ta kusa ƙarewa ya koma shaƙa daga ta ɗan ƙanwata. Da suka fito, gilashin fuskarsa rabi jini ne da majina. Yaron ya hau kwale-kwale jikinsa na rawa, ya ce, "Kawu, wallahi da ya firgita ya yi sama da gudu, ban san me zan gaya maka ba." Na ce, "Sannu ɗana, ka yi aikinka. Laifina ne da ban tambaye shi ba."

Tun daga ranar nake tambaya kai tsaye: ka sha wani abu, ka fesa wani abu? Don ba toshewar kaɗai ba ce. Ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin sudo'efedrin suna sa zuciya bugawa da sauri, su ɗaga hawan jini, su sa mutum ɗar-ɗar, kuma mai ɗar-ɗar shi ne mai saurin firgita a ruwa. Haɗe-haɗen maganin mura kuma da yawa akwai mai sa barci a ciki, alhali a wajen mita 30 iskar tukunya ita kanta tana sa mutum wani maye-maye, tunani ya yi nauyi. Na feshin kuwa, in aka wuce kwana uku ana yi, hanci yakan ƙara toshewa fiye da da, sai mutum ya ƙara feshi, ya zama ba ya iya rabuwa da kwalbar. In har murar ta sauka ƙirji da tari, ba na ma tsayawa sauraron bayani, don majina tana iya tare iska a huhu, ta kumbura a tasowa ta yaga shi, kumfa ta shiga jini. Wannan kisa yake yi.

Akwai masu wata doguwar matsalar hanci da likita ya ɗora su a kan magani, ya kuma amince su yi nutso. Waɗannan daban ne, takardar likitan nake nema. Mai sabuwar mura kuwa kuɗin ranar nake mayar masa. Yana da ciwo, ba zan ɓoye ba, don man da zan ƙona zuwa Sanganeb ɗaya ne ko da mutum shida ko da biyar, kuma akwai wanda ya zage ni da harshensu ya tafi wani kwale-kwalen. Wani kuma na ba shi kujera a inuwa da shayi mai citta, ya wuni yana kallon hasumiyar fitilar Sanganeb, bayan kwana huɗu ya warke ya shiga.

Yanzu baƙi sun ɗauke ƙafa, mun koma inda na fara: farfela, gindin jirgi, anga da ta maƙale. Samarin da nake ɗauka aikin yini sun fi Turawa iya ɓoye mura, don su in ba su shiga ruwa ba, babu cefane a gida. Na san wannan lissafin, da shi na rasa rabin jin kunnena na hagu. Saboda haka na yanke cewa duk wanda ya faɗa mini da bakinsa yana mura, zai zauna a sama yana riƙe igiya, in ba shi rabin kuɗin yini. Makon jiya na tsinci kwalbar feshi a aljihun rigar ɗaya daga cikinsu. Na ajiye ta a kan injin cika tukwane inda kowa zai gani, na miƙa masa igiya.