Na saka wa kwamfutar gem ɗina Linux, ga yadda muka kwashe

Kwamfutar nan tun 2019 na siye ta hannu na biyu a Haraj, kasuwar kayan gwanjo, wajen wani Balarabe nan Jidda, furosesarta (ƙwaƙwalwarta) Intel i5 ce ƙarni na 7 da katin hoto RX 580, kuma wallahi har yau ba ta taɓa ba ni kunya ba ko a tsakiyar zafin Agusta in dai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kunne. Da aka daina ba Windows 10 sabuntawa ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na duba na ga Windows 11 sai ƙarni na 8 zuwa sama yake karɓa, kowa kuma shawararsa ɗaya, wai in sayar in ƙara riyaloli in sayi sabuwa. Ni kuma zuciyata ta ƙi, abu lafiyarsa lau, ga kuɗin sabunta iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, na jira na, ga mutanen gida Kano suna jiran na wata.

Wani abokina da muke sallar Juma'a tare shi ya ce in gwada Linux Mint, wani tsarin kwamfuta da ke maye gurbin Windows, kyauta ne, ba lasisi ba komai. Na sauke shi na zuba a filash, na kwashe hotuna da takardu zuwa wani hard disk daban, bayan isha na fara, kafin in gama shan shayi har ya hau. Abin da ya fi ba ni mamaki katin hoton ne, da yake AMD ne ban nemi direba (manhajar da ke tafiyar da katin) ko ɗaya ba, yana ciki tun asali.

Sai gem, wanda shi ne fargabata tun farko. Na shigar da Steam, manhajar siyan gem, na kunna Proton, shi ne abin da kamfanin Valve masu Steam suka fitar a 2018 da ke sa gem ɗin Windows ya yi aiki a Linux, kuma shi Steam Deck, na'urarsu ta gem ta hannu, ke amfani da shi tun fitowarsa a 2022, shi ya sa abin ya nuna sosai yanzu. Elden Ring ya buɗe kamar ba a canza komai ba, na tsaya ina kallon doki yana gudu a cikin ciyawa babu ko tsayawa, sai da na yi hamdala a fili ni kaɗai a ɗaki. Counter-Strike 2 kuwa dama yana da na Linux nasa. Yanzu duk gem ɗin da zan siya sai na leƙa shafin ProtonDB na ga abin da waɗanda suka riga ni suka samu.

Amma fa akwai inda abin ya tsaya cak, kuma duk mai son bin sahuna ya ji wannan tun kafin ya goge komai. Gem masu manhajar kama masu maguɗi da ke shiga can cikin ƙashin tsarin, irin su Valorant da Fortnite, ba sa tashi a Linux, ba dabarar da za ka yi. Ni abin da ya taɓa ni gem ɗin ƙwallo ne, shi ma bai tashi ba. Ɗan yayata yakan zo duk daren Alhamis daga Makka mu buga har ƙarfe biyu, ya zo ya zauna ya ɗau hannun gem, muka danna shiru, muka sake shiru, ya juyo ya ce “Kawu, yanzu shi kenan mun daina?” Maganar ta tsaya min a rai kwana biyu.

Ƙarshe ƙaramin SSD, wata ma'ajiya daban, na siyo na mayar da Windows a kai don ƙwallon nan kawai, in na kunna kwamfuta sai in zaɓi inda zan shiga. Kwana shida a sati Linux nake, a nan nake buɗe Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, a burauza, a nan nake rubutu, har kibod na Hausa na tarar a ciki kusa da na Larabci, da shi nake buga muku ƙ da ɗ ɗin nan. Yaron ma satin da ya wuce da filash ɗinsa ya zo, wai in saka masa Linux a tsohon laftof ɗin babansa.