Ingilishin fim daban, na kasuwa daban

Mu nan Tawa a Nijar da Faransanci muka yi lakwal, wato makarantar boko, Ingilishi sai a kwaleji ake soma shi, shi ma kaɗan-kaɗan. Sauran duk a hanya muka tsince shi wajen kai albasar Galmi Gana, tun ana sauke kaya kasuwar Agbogbloshie ta Akra har aka maida 'yan albasa kasuwar Adjen Kotoku da ke bayan gari a 2021.

Watan jiya kamyonmu ya yi latti, kwana huɗu yana tsaye kafin ya shiga Bawku, garin bakin iyakar Gana, albasa kuwa kun san ba ta jiran kowa, zafi na dukanta tana zubar da ruwa. Matar da ke sayen kayanmu a Akra ta aiko vokal, wato saƙon murya, ta WhatsApp tana ta faɗa, har da cewa "you people are thieves", wato mu ɓarayi ne, ta ƙara da "nonsense". Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Ƙanena da ke lise, wato babbar sakandare, ya karɓi wayar ya ce yaya bari in ba ta amsa, ni na iya irin nasu, ya rubuta mata "chill dude, whatever".

To a fim ɗin Amurka wannan maganar samari ce tsakanin sa'o'i, "chill" kwantar da hankalinka ne, "dude" kamar ka ce kai abokina, amma "whatever" ɗin nan ita ce mugunyar, daidai take da ka ɗaga kafaɗa ka ce ke kika sani, kuma matar nan ta haife shi ta haife ni, jikoki gare ta. Kwana biyu ba ta ɗauki wayata ba, ga kuɗin buhu 120 a hannunta.

Wani dattijon direba da ya shekara ashirin yana hanyar Gana shi ya zaunar da ni a tasha. Ya ce ɗana, harshen da ba naka ba ba ka jin nauyin kalmominsa a bakinka, mai shi ne ke ji. Ya ce a Gana "stupid" da "foolish" zagi ne babba, ba abin wasa ba kamar yadda yara ke gani a fim, "chale" kuma ta abokai ce, ba a ce wa babba. Har "my friend" ma in aka faɗe ta da ɗaure fuska gargaɗi ce. Mutanen can komi za su faɗa sai sun sa "please" a gaba, ko da faɗa suke yi.

Abin da dattijon ya sa ni in faɗa mata gajere ne: "Madam, please, no vex, abeg. The word thief pain me." Ban yi ƙarya ba, ban kuma haɗiye zagin ba, na roƙe ta kada ta yi fushi, na gaya mata kalmar ɓarawo ta yi mini ciwo, amma da irin Ingilishin da ake yi a kasuwarsu, wanda ta san na girmamawa ne. Ni a ganina nan ne amfanin irin waɗannan kalmomi na titi, su sassauta magana, ba wai ka nuna kai ma ka iya ba.

Da la'asar ta kira, ta ce "no wahala, my son". Wahala dai kalmarmu ce, ta bi 'yan kasuwa har bakin teku. Kuɗin sun shigo ranar Litinin, ta cire na buhu 6 da suka ruɓe, ban yi gardama ba.