Abin da teburin tasha ya koya mini game da fasinja

Aikina a tashar mota shi ne in zauna a teburi, in karɓi kuɗin mota, in rubuta sunan fasinja da lambar wayar wani ɗan uwansa a takardar da direba zai riƙe, sannan in nuna masa motar da ke kan layi. Motocinmu daga Kano suke tashi zuwa Zariya da Kaduna, wasu su zarce Abuja. Fasinjan wannan hanya ba ya rasa zaɓi, domin motocin bakin titi suna ɗaukar mutane da rahusa ba tare da rubuta sunan kowa ba, saboda haka dole ne mu ba mutum dalilin da zai sa ya shigo tasha ya biya ƙari.

Dalili mafi ƙarfi da na gano shi ne a faɗa wa mutum gaskiya game da lokacin tashi. Duk matafiyi ya san kalmar nan ta "saura mutum ɗaya", kuma ya san yadda 'yan kamasho kan zauna cikin mota kamar fasinjoji, har sai ya biya ya zauna sannan su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka yi wa haka zai yi shiru ya jira, tun da kuɗinsa sun riga sun shiga hannu, amma ba zai sake tako ƙofar tashar ba, kuma zai ba mutanen gidansu labari. Ni kuwa nakan ce, "Hajiya, mutum uku ne kacal a ciki, kuma da rana tsaka lodi yana jan lokaci. Idan kina sauri, ga motar Zariya tana gab da tashi, a Kwangila za ki sami ta Kaduna." Abokan aikina sun ɗauka korar kasuwa nake yi, kuma lallai a ranar mun rasa kuɗin kujera guda. Sai dai irin waɗannan fasinjoji su ne daga baya suka karɓi lambata, suna kira tun daga gida su tambayi halin da layi yake ciki, har suna turo 'ya'yansu 'yan makaranta su ce in sa musu ido.

Shekarar 2023 ta gwada mu sau biyu. A watanninta na farko, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, mutum zai zo da kuɗi a asusunsa amma babu ko na ruwan sha a aljihunsa. Direbobi da yawa sun ƙi karɓar taransifa, kuma ban ga laifinsu ba, domin saƙon banki yana iya makalewa har mota ta kai Kwanar Dangora. Mafitar da muka samu ita ce teburi ya karɓi taransifar, ya rubuta, ya ɗauki nauyin biyan direba, fasinja kuma ya shiga mota ba tare da an tsare shi ana yi masa kallon maƙaryaci ba.

Gwaji na biyu ya zo ne a ranar 29 ga watan Mayu, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma zuwa wajen naira 500. Kuɗin mota ya tashi, rai kuma ya ɓaci. Na lura cewa dattijon da aka daka wa tsawa da sabon farashi yakan juya ya fita, amma idan na ce, "Baba, sannu da zuwa, ka yi haƙuri, ga abin da direba ya sha na mai yau da safe," yakan yi tsaki ya biya, wani lokacin ma har ya yi mana addu'ar samun sauƙi. Farashin bai ragu da ko sisi ba a tsakanin maganganun biyu.

Batun kaya ba ya buƙatar dogon bayani: a yi cinikinsa kafin a ɗaure, kada a bari sai mota ta tashi yaron mota ya ce a ƙaro.

Inda ƙoƙarin teburi yake tsayawa shi ne bakin ƙofar tasha, domin daga nan fasinja yana hannun direba. Akwai direban da zai tsaya a yi salla a inda mata za su sami wurin kama ruwa, ya rage gudu idan an yi masa magana, ya kira mu idan mota ta lalace don mu sanar da dangin da muka rubuta lambobinsu. Akwai kuma wanda zai ƙara mutum a gaba da zarar ya fita daga gari. Fasinjoji sun san su sarai, har sukan zo su ambaci sunan wanda suke so, su ce za su jira shi. Dokar ƙungiyar direbobi kuwa ita ce layi, wanda ya riga shi ne zai yi lodi, ko da halinsa bai yi wa kowa daɗi ba. Na kai maganar gaban shugabannin reshenmu, sun amince a riƙa dakatar da direban da ƙorafi ya yi yawa a kansa, amma ba su yarda fasinja ya tsallake layi ya zaɓi mota ba, kuma har yau a kan haka muke.