Kalmar da ta kunyata ni a ɗakin labarai

Watana uku da fara aiki a sashen fassara na gidan rediyon aka miƙo mini wani rahoton kotu daga Legas. An ce wani magidanci ya yi "defile" ɗin yarinya 'yar shekara 9. Na leƙa ƙaramin ƙamusina na ga ƙazantarwa, sai na rubuta cewa ya shafa mata ƙazanta. Haka aka karanta a labaran ƙarfe 7.

Washegari edita ya tara mu, ya ɗaga takardar yana tambaya ko kashin shanu aka shafa mata. Kowa ya yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Abin da bai faɗa ba shi ne da hannunsa ya sa wa labarin hannu kafin ya tafi sallar magariba.

Haushi ne ya kai ni laburare, ba son ilimi ba. Ashe kalmar daga tsohon Faransanci take, "defouler", wato tattakewa. Tushenta yana komawa ga masu sana'ar tattaka sabon yadin ulu cikin ruwa don ya yi kauri, waɗanda Rumawa ke kira "fullo". Da ta shiga Ingilishi sai ta cakuɗu da "foul", mai nufin ƙazanta, ma'anar datti ta danne ta takawa. Har dokar manyan laifuka ta kudancin Najeriya ta ɗauke ta a sashe na 218, kan laifin kwana da yara mata 'yan ƙasa da shekara 13.

Wannan ya tsaya mini a rai. Tattakewa laifin mai ƙafa ne, amma da zarar an ce ƙazanta, tabon ya koma jikin yarinyar. Mu ma haka muke yi da "ya ɓata ta" da "ya lalata ta". Na ce mu riƙa cewa fyaɗe kawai, edita ya ce ni da ban iya Turanci ba zan koya masa Hausa?

Sauran abin da na koya bai da yawa: ƙamus ɗaya ba ya isa, kuma ka ajiye kwafin duk takardar da oga ya sa wa hannu.

Ranar Juma'a zan bar aikin. Tun bara suka koma cewa fyaɗe, kuma a taro an ce shawarar edita ce.