Dendrolycopodium: ƙaramin tsiron da ba ya son a taɓa shi

Ɗaliban ilimin tsirrai a Samaru sun fi saninsa a littafi, don ba ya fitowa a ƙasar Zazzau. Gidansa dazuzzuka masu sanyi na Arewacin Amurka da gabashin Asiya, inda akwai inuwa da laima da ƙasa mai tsami.

Tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba. Abin da ido ke gani reshe ne kawai. Ainihin jikin yana kwance a ƙarƙashin ƙasa yana yaɗuwa, yana riƙe ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A kansa akwai wani ɗan zangarniya mai fitar da gari rawaya mai maiƙo, wanda ke kamawa da wuta nan take. Masu ɗaukar hoto na dā da shi suke haska wuri.

Dasa shi kuwa ɓata lokaci ne. Garin nan, wanda da shi yake hayayyafa, yakan yi shekaru a cikin ƙasa, yana samun abinci daga naman gwari (dangin laimar kwaɗi) na wurin kafin ya tsiro. Ka tumɓuke shi, ka raba shi da wannan abinci. A nan Zariya ma bushewar hunturu kaɗai ta isa ta kashe shi.