Godiya bayan gyaran rumbun bayanan mahajjata

Alhamdulillahi, manhajar ofishinmu na Jidda ta dawo aiki, lambobin wayar masu Umara duk suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Rumbun bayananta ne ya kulle mana da dare muna tsaka da yi masa gyara, jiki ma bai gama dawowa ba.

Abu ɗaya ne ba zan manta ba, lokacin da teburin bayanan masu Umara ya kulle bayan Tarawihi, motoci na jiran sunaye a Makka. Layi ɗaya muka rubuta a Rails, tsarin da aka gina manhajar da shi, add_column da array: true da default: [], don kowane alhaji ya samu gurbin lambobi da yawa. Ashe PostgreSQL ɗinmu, wato manhajar rumbun bayanan, na 10 ne, shi kuwa in ka ƙara ginshiƙi da ƙimar farko, sai ya sake rubuta teburin gaba ɗaya yana riƙe da makulli, ko karatu ba ya bari. Sai a na 11, na 2018, aka magance wannan.

Yayanmu na Mai Wurno ta Sudan ya ce kada a ambace shi, amma sai ya yi haƙuri. Hannuna ya kai ga kashe saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da rumbun, sai ya ce, "Ƙanena, dakata, soke umarnin kawai, komai zai koma yadda yake." Haka kuwa aka yi. Shi ya nuna mana a ƙara ginshiƙin babu ƙima, a sa ƙimar daga baya, sannan a cika tsoffin layuka dubu-dubu da string_to_array, mai rarraba lambobin da aka jera da waƙafi, bayan an share sararin da ke bin waƙafi. Layin da aka bari babu komai, Ruby, harshen Rails, zai gan shi nil, wato wofi, manhajar ta tsaya da an tura masa lamba. Fihirisar GIN mai saurin nema kuma a gina ta ba tare da kulle teburin ba, da algorithm: :concurrently da disable_ddl_transaction!, a yi nema da alamar @>, don nema da ANY ba ya amfani da fihirisar.

Yaya, Allah Ya saka da Aljanna, Ya jiƙan mahaifa, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Hajiya da ta aiko mana da sahur, Allah Ya ƙara buɗi, Ya raya zuri'a.

'Yan'uwan da suka sa mu wannan aiki, wayarsu a kashe daren nan, mun ga saƙonku da hantsi. Mun gode.