Na zo horas da malamai, ashe ni za a horas

Shekara uku ke nan ina zagaya makarantun firamare ina duba darasin malamai. Da, aikina shi ne in zauna a bencin baya da biro, in jera kurakurai, in karanta wa malami in tafi.

Makon jiya na shiga ajin wata malama. Yara cike har bakin ƙofa, wasu a kan tabarma, allo ya koɗe. Bayan an tashi na buɗe littafina, sai kawai na rufe na ce, "Malama, ke yaya kika ga darasin?"

Ta yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi komai yi mini wuya, bakina har ƙaiƙayi yake. Na daure.

Can ta ce, "Ranka ya daɗe, na san na baya ba sa jina. Muryata ke dushewa kafin tara."

Ni kuwa abin da na rubuta: ba ta kula da 'yan baya. Na maimaita mata maganarta don in tabbatar na fahimta, sannan na tambaye ta me take ganin zai yi. Da kanta ta kawo shawarar raba su rukuni-rukuni, tana zagayawa.

Ranar Laraba zan koma in gani.